Malam Zakiru da Hulunan da Suka Riga Suka Tafi

Duk wanda ya zauna a Libreville kuma ya taɓa ɗora hular kirki a kansa, ya san Malam Zakiru Mai Hula, ko da bai riƙe sunan ba. Shekara ashirin da shida ya yi a unguwar London, a wani ɗan shago na bakin titi da bai fi taku huɗu ba, yana sayar da hulunan da ake ɗinko masa daga Kano da Maiduguri, yana kuma wanke na jama'a. Wankin hula a garin da ruwan sama ba ya gajiya aiki ne na mai haƙuri. Ka wanke, ka sa sitaci, ka ɗora a kan gungume, kana juyawa hadari ya taso daga teku. In ka yi sake kwana biyu, funfuna ta kama hular mutum. Shi dai ya san kan abinsa, da fankoki biyu da wani ɗan gawayi da yake hurawa a kusurwa, kuma ba a taɓa mayar masa da hula don wari ba.

Gajere ne, furfurarsa duk a gemu ta taru, ba ya son dogon ciniki. Yana kuma da wata ɗabi'a da ta sha ba abokan kasuwa haushi: ba ya tallar abin da ba ya hannunsa. Ka tambaye shi damanga shuɗiya, in babu zai ce babu, ko da ya san tana cikin kayan da za su iso jibi. Asalin abin tun yana Kano ne, lokacin da yake zaune a shagon maigidansa Alhaji Mahdi. Wani mutum ya zo neman wata hula, Zakiru ya ce akwai, a dawo gobe, don ya hango irinta a rumfar maƙwabci. Kafin gari ya waye maƙwabcin ya sayar. Alhaji Mahdi bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ya tashi ya taka har gidan mutumin a Fagge, ya gaya masa da bakinsa cewa jiya ƙarya ya yi masa. Zakiru ya je ya faɗa. Kunyar wannan tafiyar ta biyo shi cikin jirgin ruwa daga Kalaba har Gabon, kuma har ya tsufa ba ta sake shi ba.

Da aka zo faɗaɗa titin da shagonsa yake, aka shafa wa bangon jan fenti, ba a yi wata biyu ba wurin ya zama fili. Ya samu wani shagon a unguwar Awendjé, amma can ciki, sai ka bar kwalta, ka wuce bayan wani kantin magani, ka sauka gangare har gidan da ke da bishiyar atanga. A garin da ake kwatance da bishiya da kwana, wanda ya tashi daga inda aka san shi ya ɓace ke nan. Masu zuwa suka je London suka tarar da kwalta. Wasu suka ce ya koma gida. Ranar Juma'a yakan shimfiɗa 'yan huluna a ƙofar masallaci ya sayar da biyu ko uku, sauran ranaku kuwa shi da fankokinsa ne suke wuni.

Ƙaninsa Ɗan'azumi, da ke Kano, kowace Juma'a sai ya bugo waya. Maganarsa ɗaya ce: an gyara ɗaki, an yi masa fenti, me Yaya yake jira a ƙasar mutane? Ranar da abin ya ishi Malam Zakiru sai ya ce, “In Layya ta zo ta wuce shagon yana haka, zan taho.” Kuma mutum ne da in ya faɗi magana ta zauna. Har ya sayo wata ƙatuwar jaka mai ratsi-ratsi ya ajiye a bayan ƙofa. Amma zuciyarsa ba ta son tafiyar ko kaɗan. Matarsa Rauda a nan aka binne ta shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsa ɗaya tilo, Nuriyya, a nan aka haife ta, a nan ta yi karatu da Faransanci, a nan take aure da 'ya'ya biyu, tana aiki a wani ofishin fitar da kaya a tashar jirgin ruwa ta Owendo. Kano a wurinta garin hutu ne mai zafi da ta taɓa zuwa sau biyu. In ya tafi, shi kaɗai zai tafi.

Nuriyya ba ta zauna ta zuba ido ba. Ta kai shi wurin wani mutum a unguwar Cocotiers da ya gina masa shafi a intanet, kore shar, da hotonsa a sama ya ɗaure fuska kamar wanda aka kai ƙara. Aka ɗauki hoton kowace hula, aka ba ta shafinta. Hulunan nan kuwa ɗinkin hannu ne, ba a samun biyu iri ɗaya sak. Saboda haka duk lokacin da ya sayar da ɗaya, kafin mai saye ya kai bakin gangare, ya riga ya danna lambar Nuriyya.

“Zannar nan mai ruwan goro ta tafi. Cire ta.”

“Baba, ina cikin taro.”

“To fita ki cire, sai ki koma. Kada wani ya gani ya sa rai.”

Haka take fita ta goge. Wata takwas ana wannan, kuma a wata takwas ɗin nan ko mutum ɗaya bai zo ya ce a intanet ya gan shi ba. Ita kanta Nuriyya in ta rubuta neman hular Hausa a Libreville cikin Google, sai ta ga shagunan Dakar da na Duwala, na ubanta kuwa ko a shafi na biyar babu shi.

Saura mako uku a fara azumi ta zo da wata ƙawarta Inès, wadda suka yi makaranta tare. Aikin Inès ke nan, gyara wa kamfanoni shafukansu yadda Google zai riƙa nuna su ga masu nema. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa, don haka Nuriyya ce a tsakiya. Inès ta zauna a kan bencin masu jiran hula da la'asar ɗin wata Asabar, ta buɗe kwamfuta a cinya, ta shiga duba shafin. Can ta ɗago ta yi tambaya.

“Ta ce akwai shafuka sittin da wani abu da Google ya taɓa sani,” in ji Nuriyya, “amma yanzu duk babu su. Ina suka tafi?”

“Na sayar da su,” in ji Malam Zakiru, har da ɗan alfaharinsa.

Inès ta dafe goshi. Sai ta yi bayani a hankali, Nuriyya tana juyawa. Google ba ya yarda da sabon shafi rana ɗaya. Sai ya zo ya gani, ya tafi, ya dawo ya tarar yana nan, sannan ya fara turo mutane. To shi Baba, daidai lokacin da aka fara sanin shafin hula, sai ya sa a goge. Wanda aka turo ya zo ya tarar da wayam. Aka yi haka sau ɗaya, sau goma, sau sittin, Google ya daina turo kowa.

Malam Zakiru ya gyaɗa kai da gaske. “To ai gaskiyarsa ne. Ni ma in na aiki mutum wuri sau uku yana dawowa hannu sake, ba na ƙara aikawa.” Sai ka rantse ya samu ɗan'uwa a harkar. Amma da Inès ta ce maganin abin shi ne a daina gogewa, nan take fuskarsa ta koma irin ta hoton nan.

Inès ta ce ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Kowane shafi yana da manhajar da ke ƙarƙashinsa, wadda da ita ake sa kaya, a cire, a gyara rubutu. Wadda mutumin Cocotiers ya ƙera da hannunsa abu biyu kawai ta iya, sawa da gogewa, kuma ko waƙafi za a canza a wani wurin sai an hau tasi an je an same shi. Dole a zaɓi wata, a kwashe kayan a mayar can. Ta nuna musu wata ta haya da ake samu a shirye, hotuna suna sulɓewa da kansu, komai yana ƙyalli. Nuriyya ta gani ta ce ai shi ke nan an gama, wannan ce. Malam Zakiru bai kalli ƙyallin ba. Tambaya ɗaya ya yi.

“In hula ta tafi, me zai ce wa mutane?”

Inès ta gwada masa. Hoton ya zauna, farashin ya zauna, wurin dannawa a saya ya ɗan dusashe, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka rubuta cewa ta ƙare. Ta ce a tsarin hayar da suke iya biya, ba a barin mutum ya taɓa wannan ɓangaren.

“A'a,” in ji shi. “Mai raunin ido irina zai ɗauka tana nan. Ya hau tasi tun daga unguwar PK12, ya sauko gangaren nan cikin taɓo, in ce masa me? Wannan kiran mutum ne da abin da ba ka da shi.”

Inès ta fara cewa akwai wata, amma ya riga ya miƙe yana juya gungume. A wurinsa maganar ta ƙare: hoton abin da aka sayar ba zai zauna da sunansa ba, ko wace manhaja ce. Inès ta rufe kwamfuta cikin ladabi ta fita jiran ƙawarta a gindin atanga. Nuriyya ta tsaya a bakin ƙofa, idonta ya sauka a kan jakar nan mai ratsi.

“Baba, saboda hoton hula za ka tafi ka bar ni?”

Ya ci gaba da juya gungumen. Maganar ta soke shi sosai, kuma ya kwana biyu yana jin ta a ƙirji. Yana son 'yarsa fiye da duk hulunan duniya, amma ya kasa ganin yadda zai yi abin da yake ganin yaudara ne, ya kuma tsaya sallah da natsuwa.

Maƙwabcinsa a Awendjé wani tela ne, Hamidou, mutumin Tawa ta Nijar. Ranar Litinin da hantsi ruwa ya tsuge, Malam Zakiru ya tsallaka ya fake a wurinsa don rufin nasa shagon yana ɗiga ta gefe. Ya tarar da wani mutum zaune yana buɗa wani tsohon kundin hotuna da ya sha hannu, cike da manyan riguna da kaftani. Mutumin ya nuna ɗaya ya ce irin wannan aikin wuyan yake so. Hamidou ya auna shi, ya tafi. Malam Zakiru ya ga kundin nan ya fi sau ɗari, amma ran nan ne ya ɗauka ya duba.

“Hamidou, wannan rigar tana nan?”

Tela ya yi dariya da allura a baki. “Wace? Wagga? Malam, mai ita ma ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Shekara tara ke nan.”

“Kuma ka bar hoton kana nuna wa mutane?”

“To wa na ruɗa? Kowa ya san an ɗinka an ba mai ita. Ba rigar nike saidawa ba, hannuna nike gwadawa.”

Malam Zakiru ya daɗe riƙe da kundin har ruwan ya tsagaita. Ya gane ashe abin da ya tsana tun daga tafiyar Fagge shi ne a bar mutum yana zaton akwai alhali babu. Hoto shi kaɗai bai yi wa kowa ƙarya ba. In an faɗa wa mutum gaskiya tun daga ƙofa, da babbar murya, sauran kallon aiki ne kawai. Ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, ya kuma ɗan ji kunya cewa a shagon tela ya koyi wannan. Ya koma ya buga wa Nuriyya. “Kira ƙawar nan taki. Ta ce akwai wata, ban bari ta ƙarasa ba.”

Wadda Inès ta so nunawa tun farko WordPress ce, da wani ƙari na shago da ake maƙala mata. Ba ta da ƙyallin waccan sai an yi mata aiki, amma ana iya taɓa kowane lungu nata. Malam Zakiru ya jero sharuɗɗansa kamar mai ba da aure. In hula ta tafi, a rubuta a can sama da jan rubutu manya-manya cewa an sayar, da Faransanci da Hausa. A cire farashi gaba ɗaya. A cire wurin dannawa, ba dusashewa ba. A sa ranar da ta tafi. A ƙarƙashi kuma a jero waɗanda suke hannu da gaske. Inès tana ji tana cewa za a iya. Ta ƙara da nata: adireshin kowace hula zai zauna daram ko an sayar, tsofaffin adireshin nan sittin da suka mutu za ta karkatar da su zuwa sababbin shafuka, kuma sa jan rubutun dannawa ɗaya ce a waya, shi da kansa zai iya, ba sai an fitar da kowa daga taro ba. A wannan gaɓar Nuriyya ta ce amin da ƙarfi.

Abu ɗaya ya rage. Inès ta ce Google rubutu ya fi karantawa, don haka kowace hula tana bukatar bayani, ba hoto kawai ba. Nuriyya ta yi zaton nan za a sake kafewa, don ubanta ba mai yawan magana ba ne. Ashe ba a taɓa tambayarsa game da hula ba ne. Aka ba shi waya ya riƙa yin saƙon murya, sai ga shi yana zuba: wannan a Maiduguri aka ɗinka, ta ci wata biyu a hannun mace ɗaya, wannan zaren ba ya son rana, wannan kada a kuskura a sa ta cikin leda da damina. Nuriyya tana juyawa zuwa Faransanci a cikin tasi kan hanyar Owendo, wani lokaci tana dariya ita kaɗai. Har kwatancen shagon suka rubuta yadda mutanen gari suke yi, da kantin magani da gangare da bishiyar atanga.

Inès ta gargaɗe su cewa abin ba na kwana bakwai ba ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Azumi ya zo ya wuce. Da ƙaramar Sallah mutum biyu suka bugo waya, ɗaya ma kuskuren lamba ne. Ɗan'azumi bai fasa kiran Juma'a ba. Malam Zakiru ya fara ninke 'yan rigunan da ba ya sawa yana jefawa cikin jakar, a ɓoye, don kada Nuriyya ta gani. Duk hular da ya sayar a ƙofar masallaci yakan sa tabarau ya danna mata jan rubutunta, ya tsaya ya karanta ya tabbatar, sannan ya mayar da waya aljihu.

Saura kwana ashirin Layya, ruwa ya fara ja da baya, wata Talata da safe ya ji tasi tana saukowa gangaren, direba yana ta mita da Faransanci. Wani ƙaton mutum ya fito da jakar hannu. Alhaji Abdulgani ne, ɗan kasuwar garin Port-Gentil, wanda ya shekara goma sha biyar ba ya ba kowa wankin hularsa sai Malam Zakiru.

“Zakiru, ashe kana raye? An ce ka koma Kano. Wani ma ya ce ka rasu, har na yi maka addu'a.”

“Allah ya karɓa, Alhaji, ba ta ɓaci ba. Wa ya kwatanta maka nan?”

Alhaji ya zaro waya ya nuna masa. Hula yake nema ta Sallah, ya rubuta a Google, sai ga hoton wata zanna mai ruwan toka, wadda aka sayar tun farkon azumi, da jan rubutunta ɓaro-ɓaro a sama.

“Ina ganin wannan na ce wa matata na samo shi. Duk Gabon mutum ɗaya ne zai sa hoton kayansa sannan ya rubuta da ja kada a zo nema.” Ya zazzage jakar a kan benci. Huluna tara ne, duk sun yi laushi, biyu sun fara funfuna. “Ga su nan. Shekara guda kaina yana yawo kamar maraya.”

Malam Zakiru ya ɗauki ɗaya yana juyawa a hannu. Daɗi ne ya cika shi, irin wanda yake sa tsoho ya ji ƙwalla ba shiri, sai ya fake da duban funfunar. Alhaji kuwa kafin tasinsa ta hau gangare ya riga ya tura shafin cikin zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Port-Gentil. Daga nan abin ya buɗe. Ba cincirindo aka yi ba, amma kullum sai an sauko gangaren, wasu tsofaffin masu zuwa ne da suka yi ta yi masa ƙorafin ɓacewa, wasu kuma baƙi, har da wani Basanagale da ya zo da hoton hular da aka sayar ya ce a ɗinko masa mai kama da ita, ya ji an ce wata biyu, ya ce zai jira. Gumaguman da suka daɗe a jingine duk suka samu huluna. Da wurin ajiya ya ƙare, Malam Zakiru ya jawo jakar nan mai ratsi, ya kwashe rigunansa ya mayar ɗaki, ya cika ta da hulunan da ke jiran wanki.

Juma'ar ƙarshe kafin Layya Ɗan'azumi ya bugo kamar kullum, ya ce an sake share ɗakin. Malam Zakiru ya ce Allah ya saka da alheri, a nemi wani mai bukata a sa a ciki, shi sai dai ya zo ziyara. Ƙanin ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Da la'asar ya sayar da wata damanga. Mai saye yana fita, hannunsa ya tafi kan lambar Nuriyya da kansa, don sabo. Ta ɗauka da muryar zolaya.

“Baba, in fita in cire?”

“A'a, bar ta. Na riga na sa mata ja da kaina.” Ya kalli jakar da ta kumbura a bayan ƙofa. “Gobe da safe zan je kabarin mahaifiyarki, in kina da sarari ki zo mu je tare. Kuma ki gaya wa yaran nan su daina tambayar ko zan tafi. Kakansu yana nan.”